Hotunan Yaya Bashir na Libaful da rigimar wurin dinar Auta

Yaya Bashir: Assalamu alaikum. Tunda maganar wurin dinar Auta ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, bari in turo muku wasu hotuna da na tono a waya. Na lokacin da muka je bikin yaye su Ummi ne a Libaful, Disambar 2024. Wurin nan da kuke gani sunansa Albert Dock, tsohuwar tashar jiragen ruwa ce a bakin kogin Mersey, dab da inda yake faɗawa teku. Gine-ginen nan na jan bulo masu hawa biyar duk sito ne a da, nan ake jibge kayan da jirage suka kawo. Yanzu ƙasan gidajen abinci ne da kantuna da gidajen tarihi, saman kuma gidajen kwana da ofisoshi da otal. Ku duba hoto na huɗu, amarya ce da ango ake ɗaukarsu a jikin jajayen ginshiƙan nan, ga iska kamar za ta cire wa mutum kunne. Har zauren taro ake bayarwa haya a ciki. Sai na ce oh ni Bashir, mutane sun mai da sito wurin biki, mu kuma muna nan za mu zuba maƙudan kuɗi a hol ɗin da ko taga babu.

Auta: Yaya, in dai biza za ka nema mana ai ni ban ƙi ba.

Gwaggo Rabi: Wa alaikumus salam. Ita wannan amaryar ba ta da uwaye ne, aka bar ta a bakin ruwa ba mayafi cikin wannan sanyi?

Sadiku: Yaya ka je har Libaful amma ba ka leƙa Anfield ba, sai sito. Allah ya ba mu haƙuri.

Yaya Bashir: Kai dai ba ka da zance sai ƙwallo. Ba maganar biza nake ba, Auta. Tambaya nake, mu a Kano ba mu da tsofaffin wurare ne da za a gyara a riƙa irin wannan?

Injiniya Nura: Yauwa, yanzu ka zo inda nake jira. Ni wannan ginin tun muna makaranta na san labarinsa. A 1846 aka buɗe shi, mijin Sarauniya Biktoriya, Yarima Albert, shi ya buɗe, shi ya sa yake ɗauke da sunansa. Injiniyan da ya tsaya a kan aikin Jesse Hartley ne. Abin da ya sa ya yi suna, ba a sa katako a ƙashin ginin ba, daga bulo sai dutse sai ƙarfen zubi, saboda kafin nan gobara ta sha cinye sito-sito na katako a garin. Mu da muke ganin abin da wuta take yi wa kasuwanninmu ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Dabara ta biyu, jirgi yana shigowa har gindin sito, ƙugiya ta ɗauke kaya daga cikinsa kai tsaye ta miƙa ciki. Babu ɗora wa amalanke a zaga gari, balle wani abu ya yi ƙafa a hanya. Kuma ɗan kasuwa ba ya biyan kuɗin kwastan sai ranar da zai fitar da kayansa ya sayar. Auduga, ganyen shayi, siliki, taba, sukari, hauren giwa, duk an ajiye a nan. Shekara biyu da buɗewa suka kafa injin ɗaga kaya mai aiki da ƙarfin ruwa.

To amma me ya kashe shi? Don jiragen da iska ke turawa aka gina shi. Da manyan jirage masu tururi suka zo, ƙofar ta yi musu kaɗan. Kasuwa ta yi ta ja baya, bama-baman Jamus suka taɓa shi a 1941, a 1972 aka rufe gaba ɗaya. Laka ta cike ramin ruwan, har aka yi ta shawarar a rushe. Sai a 1981 gwamnati ta kafa hukumar farfaɗo da bakin ruwan, aka kwashe laka, aka gyara, a 1988 aka sake buɗewa. Abin da nake so ku gane, ba tausayi ne ya ceci ginin ba. Haya ce. Ginin da ba ya kawo kuɗi, komai tarihinsa, ranar faɗuwarsa kawai ake jira.

Gwaggo Rabi: Nura wannan karatu haka, sai da na nemo tabarau.

Anti Zulai: Na karanta duka, Injiniya, kuma ban musa maka ko ɗaya ba. Amma akwai abin da ka tsallake. Da wane kuɗi Libaful ta zama Libaful? A ƙarshen ƙarni na 18 babu garin da ya kai shi tura jiragen cinikin bayi a duk Ingila. Daga bakin ruwan nan da ake ɗaukar hoton amarya jirage suke tashi su nufo gaɓar Afirka. Ni dai raina bai kwanta da a ce wurin da aka ƙulla irin wannan ciniki ya koma wurin shan askirim da yanka kek ba. In aka wanke wuri tas, aka sa masa fitilu masu kyau, mai zuwa ba ya ganin komai sai kyan.

Ummi: Anti, a yi min afuwa in ɗan sa baki. Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, shi kuma wannan ginin sai 1846 ya zo, kusan shekara 40 tsakani. Don haka jirgin bayi bai taɓa tsayawa a cikinsa ba. Amma kina da gaskiya ta wani ɓangaren. Kusa da shi akwai tsofaffin ramukan gyaran jirage da suka girme shi, waɗannan kam an gyara jiragen bayi a cikinsu. Kuma audugar da ta riƙa shigowa garin daga kudancin Amurka a farkon shekarun ginin, bayi ne suka noma ta. Su ma ba su ɓoye ba. A cikin ɗaya daga sito-siton nan aka buɗe gidan tarihin bauta a 2007, a saman gidan tarihin jiragen ruwa. Na kai Abba, kyauta ake shiga. Abba ka gaya musu yadda ka yi shiru da muka fito.

Yaya Bashir: Gaskiya ne. Na ga mari na ƙarfe, na ga zanen yadda ake jera mutane a cikin jirgi kamar buhuna. Da muka sauko Ummi ta ce mu ci kifi da soyayyen dankali, na ce a bari tukuna.

Anti Zulai: To ka gani. Kai ka kasa cin abinci, amma a harabar nan wasu suna rawar biki. Wannan shi ne abin da nake faɗa.

Injiniya Nura: Anti, da an bar shi kango, laka ta cinye, a ina Yaya Bashir zai ga marin? Masu zuwa cin kifin su ne suke hawa bene su ga tarihin. In ba don hayaniyar ƙasa ba, saman ma ba mai hawa.

Anti Zulai: Cikin masu cin kifin mutum nawa ne suke hawa? Kada ka ba ni lissafin da ba ka yi ba.

Ummi: Ga wanda yake da niyyar zuwa, gidajen tarihin nan biyu a rufe suke tun farkon 2025, ana babban gyara. Mun taki sa'a ne. Harabar dai a buɗe take, ba a biyan ko sisi a zaga.

Sadiku: Ni na ga irin wannan a nan gida lokacin bautar ƙasa a Kalaba. Marina Resort, a bakin kogi, akwai gidan tarihin cinikin bayi a ciki, a waje kuma wurin shaƙatawa ne, ana yawo a kwalekwale ana gasa kifi. Rannan mun shiga da abokai ana ta raha, da aka kunna mana sautin sarƙoƙi a ɗakin nan mai duhu kowa ya yi tsit. Muna fitowa kuma muka zauna muka ci kifinmu. Ban san ko laifi muka yi ba, Anti.

Anti Zulai: Ba laifi kuka yi ba, yunwa ce. Amma ka ga har yau kana tuna ɗakin. Ni abin da nake tsoro shi ne ranar da mai haya zai ga ɗakin tarihin ba ya kawo riba, ya ce a mai da shi wurin ajiye kujeru.

Malam Kabiru: Salamu alaikum. Ina bin ku a hankali. Zulai, laifi tudu ne. Mu ma a garin nan an sayar da mutane, a kasuwar Kurmi ma, kuma kowa ya san haka. Yau muna shiga mu sayo turaren wuta da takalmin fata, ba wanda ya taɓa cewa a daina ciniki a wurin, ba kuma wanda ya kafa ko ɗan allo ya rubuta abin da ya faru. Su aƙalla sun ware bene guda sun faɗi laifinsu. Akwai Hausawa cikin waɗanda aka kwasa zuwa Bahiya ta ƙasar Barazil, inda bayi Musulmi suka yi tawaye a 1835 cikin watan azumi. A makarantarku ana koya wa yara wannan?

Anti Zulai: Allah ya gafarta Malam, ka kama ni. Ina faɗa musu in darasi ya biyo ta wurin, amma ba zan ce yana zama ba.

Malam Kabiru: Sai kuma tambayata ga Bashir, a ina kuka yi salla?

Yaya Bashir: Ummi ta kai ni wani masallaci mai tarihi, wanda wani lauya Bature da ya musulunta, Abdullahi Quilliam, ya buɗe a 1889. Gida ne aka mayar masallaci. Shi ma an daɗe ana amfani da shi a matsayin ofis kafin Musulmin garin su karɓo shi su gyara. Wai mutumin har Legas ya zo a 1894 wajen buɗe masallacin Shitta-Bey.

Malam Kabiru: Masha Allah.

Sadiku: Jama'a, Baffa ya ce in rubuta masa, ya ce saƙon murya yana wahalar da shi. Ga abin da ya ce, ban ƙara ba ban rage ba:

Ina gaishe ku duka. Bashir, da na ji an ce Libaful sai da gabana ya faɗi, don sunan nan tun ina yaro nake jinsa a bakin mahaifinmu, kakanku, Allah ya jiƙansa. Shi mai awo ne, yana zaune gaban sikeli tun safe har la'asar in kaka ta yi. Gyaɗa tana shigowa a kan jakuna da raƙuma, daga baya a manyan motoci, a auna, a ɗinke buhu, 'yan dako su ɗauka a ka su hau da gudu. Kun ga dalar gyaɗa a hoto kuna tsammani ado ne. Ba ado ba ne. Jirgin ƙasa ne ba ya iya kwashe ta a lokaci guda, dole a jera ta ta jira tarago, a lulluɓe da tamfol. Mu yara muna zuwa Ƙofar Mazugal mu tsinci wadda ta zube, masu gadi su kore mu.

In ka tambayi Baba ina za a kai duk wannan, sai ya ce Ikko, daga Ikko sai Libaful. Kamfanin Janhol ma ai mutanen can ne. Ni da na girma na shiga aikin reluwe, na ga ƙarshen abin da idona. Fari ya zo a 1973, a 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa, ganye ya nannaɗe ta ƙi 'ya'ya. Ga kuɗin man fetur ya shigo, hankalin kowa ya koma can. Shi ke nan.

To ni tambayata, Bashir, a cikin sito-siton nan ka ga inda aka rubuta Kano? Ko buhu ɗaya ba su ajiye ba?

Yaya Bashir: Allah ya ƙara wa Baffa lafiya. Wallahi ban gani ba, kuma ban nema ba, don ban kawo wannan a raina ba.

Ummi: Angona, ka yi haƙuri in ɗan rage maka jin daɗi. Da wuya a ce gyaɗarku ta kwana a wannan sito ɗin. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya tashi daga 1912, a lokacin kuwa manyan jirage sun riga sun fi ƙarfin Albert Dock kamar yadda Kawu Nura ya faɗa. Wasu tashoshin na gaba suke tsayawa, don bakin ruwan garin tashoshi ne jere da juna, tafiyar mil da yawa. Amma garin dai shi ne. Kamfanin jiragen Elder Dempster da ke zirga-zirga tsakanin Legas da Ingila a nan hedikwatarsa take. A tsallaken kogin kuma akwai Port Sunlight, garin da Lever ya gina wa ma'aikatan masana'antar sabulunsa tun 1888. Kamfanin nasa ne ya sayi Kamfanin Neja a 1920, wanda daga baya ya narke cikin UAC a 1929. Shi kuwa Kamfanin Neja shi ne wanda Alhassan Ɗantata ya fara saya wa gyaɗa. Ka ga zaren bai tsinke ba.

Sadiku: Baffa ya ce a gaya wa amaryarsa ya sake ta saki ɗaya, tunda ta je Turai ta dawo tana gyara masa zance. Ya ce amma zai mayar da ita in ta kawo masa shayi.

Ummi: Na ƙi komen, sai an sake lefe.

Anti Zulai: Wani abin dariya, Turawa don auduga suka matsa a ja layin dogon nan, suna so su ciyar da masaƙun Mancesta. Manoman Kano suka duba suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, kuma in ciniki ya ƙi ana iya ci. Wa zai dafa auduga?

Injiniya Nura: To ga shi Baffa ya ba ni hujja da bakinsa. Ina tsofaffin sito-siton kamfanoni na bakin layin dogo? Ina rumfunan kaya na tasha? Irin waɗannan nake nufi. Dogon gini, rufi mai tsayi, iska tana ratsawa. A gyara ɗaya, a rataye hotunan dala, a ajiye sikeli irin na Kaka da tsohon tarago a ƙofa, rabi gidan tarihi rabi ɗakin taro. Kuɗin dina ya riƙa biyan mai gadi da fenti. Wallahi sai an yi layin kama rana.

Gwaggo Rabi: A yi layi a hana maƙwabta barci. Kai ba ka zauna kusa da hol ba, Nura. Kiɗa har sha biyun dare, motoci su toshe maka ƙofar gida, da safe ka tashi ka tarar da robobi da ledoji. In kuka kai wannan cikin tsohon gini, shekara biyu an gama da shi. Masu ado su zo su kafa ƙusa a ko'ina, a liƙa wannan a ɓamɓare wancan.

Injiniya Nura: Gwaggo ai doka ake sawa. Can ginin yana cikin jerin waɗanda gwamnati ta ba kariya mafi girma, ko taga ba ka isa ka canza ba sai da izini.

Gwaggo Rabi: Can ka ce.

Ummi: Can ɗin ma ba su tsira ba, Kawu. A 2004 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa bakin ruwan Libaful cikin wuraren tarihi na duniya, a 2021 ta cire shi. Dalili, sababbin dogayen gine-gine da aka yi ta amincewa da su a tsofaffin tashoshin arewa, da shirin filin ƙwallon Everton, wanda daga baya aka gina a kan ɗaya daga cikinsu bayan an cike ramin da yashi. Wuri na uku ke nan a duniya da aka taɓa yi wa haka. Mutanen garin sun rabu biyu, wasu suna cewa an zubar da mutunci, wasu suna cewa ba za su ci suna ba, aiki suke so.

Sadiku: Everton dai ko a nan ma matsala ce.

Anti Zulai: Ka ji ko, Injiniya? Hayar da ka ce ita ta ceci gini, in ba a ja mata linzami ba ita za ta haɗiye shi. Mai kuɗi ba ya cewa ya isa.

Injiniya Nura: Na ji, amma ki duba namu. Ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, kusan shekara 900 ke nan. Tana jerin jiran UNESCO tun 2007. Ba a taɓa yin dina a kanta ba, ba a sayar da askirim a gindinta ba. Ta tsira? Wani ya ɗebi ƙasa, wani ya yanka fili, wani ya zuba shara. Rashin amfani da ita bai kare ta ba.

Malam Kabiru: Nura, a nan akwai bambancin da ya kamata injiniya ya fi ni sani. Nasu bulo ne da ƙarfe, sun yi watsi da shi shekara da shekaru suka dawo suka same shi a tsaye. Namu ƙasa ce. Ginin ƙasa in damina biyu ta wuce ba a yi masa yaɓe ba, ba a duba indararo ba, ya fara tafiya. A da gayya ake yi a fito a gyara ganuwa. Ranar da aka daina gayyar, ranar ta fara mutuwa.

Kuma na ga misalin duka biyun a hanyar Makka. Kakanmu na wajen uwa a ƙasa ya tafi, ta Barno da Chadi da Sudan, ya hau jirgin ruwa a Sawakin. Garin nan da duwatsun teku aka gina shi, tashar alhazan Afirka ce ta ɗaruruwan shekaru. Da Turawa suka gina sabuwar tasha a Bur Sudan a farkon ƙarni na 20, ciniki ya koma can, gidajen Sawakin suka yi ta zubewa. A tsallaken tekun kuma ga tsohuwar Jidda, Balad, wadda duk alhajin Kano ya san ta da sayayyar tsaraba. Ita an riƙe ta, ta shiga jerin UNESCO a 2014, ana gyara gidajen nan masu tagogin katako, ana taruka a ciki da azumi. Ban ce komai na can ya yi min daidai ba, amma tana nan ana ganinta.

Injiniya Nura: Allah ya gafarta Malam, wannan ai goyon bayana ka yi.

Malam Kabiru: Rabi na ba ka. Ban ce a kai masu kiɗa ba.

Yaya Bashir: Ni fa da na turo hotunan nan ban zaci za mu kai Sawakin ba. Amma bari in faɗi abin da ya tsaya min tun da Baffa ya yi magana. A can na zaga wurin kusan awa uku, na ga kwaɗo birjik da masoya suka maƙala a sarƙar bakin ruwa, na ga dogon benen nan mai tsuntsaye biyu a ka, wanda Ummi ta ce a 1911 aka gama shi, shekarar da jirgi ya iso mana. Na yaba, na ɗauki hoto. Amma ni da aka haifa a Kano, na haura hamsin, ban taɓa tsayawa a filin dalar gyaɗa na ce a nuna min inda Kaka yake zama da sikelinsa ba. Gidan Makama rabona da shi tun muna firamare aka kai mu a layi. Gidan Ɗan Hausa ban taɓa shiga ba sam, kullum ina wucewa.

Anti Zulai: Kuma ka lura, Kurmi da marinar Ƙofar Mata ba sa bukatar dabarar Injiniya. Ba su mutu ba balle a farfaɗo da su. Kurmi tun zamanin Muhammadu Rumfa take ci, har yau ana ciniki. Abin da masu rini suke so shi ne mai sayen yadi, ba mai zuwa ya tsaya a bakin rami ya ɗauki hoto ya tafi ba. In za a yi maganar mayar da wuri ɗakin taro, a tsaya a kan wanda aikinsa ya riga ya ƙare. Kuma sharaɗina ɗaya, sikelin da hotunan 'yan dako su kasance a bakin ƙofa inda dole kowa ya bi ta gabansu, ba a wani lungu ba.

Injiniya Nura: Na sa hannu. Kin ga mun shirya.

Anti Zulai: Ba mu shirya ba. Wa zai riƙe makullin? In ɗan kasuwa ne, talaka zai shiga kyauta kamar yadda Yaya Bashir ya shiga a can?

Injiniya Nura: Wannan kuma zama ne na daban.

Sadiku: Ku kwantar da hankalinku, mu ma yanzu muna da tashar jiragen ruwa a Kano, ta tsandauri da aka buɗe a Zawaciki a farkon 2023. Nan da shekara 150 jikokin Auta sai su yi dina a cikin kwantena.

Auta: Ni fa har yanzu ba a ce min komai a kan tawa dinar ba. Saura wata biyu, kuma mai hol ya ce in ba a kai kafin alƙalami ba ranar Litinin zai ba wasu ranar.

Gwaggo Rabi: A yi wuni a gida kamar yadda aka yi na uwarki, a kafa rumfa a ƙofar gida, kowa ya ci ya ƙoshi.

Auta: Gwaggo don Allah.

Yaya Bashir: Za a kai kuɗin, Auta, wasa nake miki. Amma hotunan kafin aure da kike ta maganar sai an je Abuja, me zai hana a yi su a nan? Ga zanen bangon Gidan Makama, ga kan Dala da yamma.

Auta: Dala da dogon takalmi? Sai dai in kai za ka goya ni. Gidan Makama dai zan tambayi mai hoton ko ana bari.

Sadiku: Baffa ya sake magana. Ya ce shi ba ruwansa da dina. Ya ce ranar Asabar in Allah ya kai mu a zo a ɗauke shi bayan la'asar, zai kai ku Ƙofar Mazugal ya nuna muku wurin, daga nan a biya ta tasha. Ya ce a taho da yara, kuma Zulai ta zo da littafi don ba zai maimaita ba. Ya ce akwai wani tsohon ɗan dako abokinsa a Ɗandinshe, in yana da rai a biya a ɗauke shi, shi ya san buhu nawa ake fara shimfiɗawa a gindin dala.

Anti Zulai: In sha Allahu da ni. Zan zo da rikoda ma.

Injiniya Nura: Motata tana wurin bakanike, sai dai Yaya Bashir ya fito da bas ɗin.

Yaya Bashir: Bas ɗin tana nan, mai ne babu. Mai son tarihi ya turo dubu biyu.

Gwaggo Rabi: A ajiye min kujerar gaba. Ba zan ba da ko kwabo ba, ni ma 'yar mai awon ce.